Daga Mudu Zuwa Lita: Kalmomin Awo na Hausa da Koyar da Awo a Aikace a Ƙananan Makarantun Sakandare na Lafiya

1.0 Gabatarwa

Awo yana daga cikin darussan da manhajar lissafi da ta kimiyya suka tanadar wa ɗaliban ƙaramar sakandare, watau yara 'yan shekara 12 zuwa 15. Ana son ɗalibi ya fita daga wannan mataki ya iya auna tsawo da nauyi da lokaci, ya kuma iya lissafa girman fili da abin da mazubi zai ci. Sai dai yadda aka fi koyar da darasin shi ne malami ya rubuta jadawali a allo, milimita 10 santimita 1, santimita 100 mita 1, mita 1,000 kilomita 1, ɗalibai su hardace. Sakamakon haka shi ne a sami yaron da zai karanto jadawalin ba tuntuɓe, amma in an nuna masa ƙofar ajinsu aka ce ya ƙiyasta tsayinta, sai ya ce santimita 2 ko mita 20. Abin mamaki kuwa, wannan yaro shi ne uwarsa ke aika kasuwa awon shinkafa, kuma ba a iya tauye masa mudu bai gane ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗalibi yana shigowa aji da ilimin awo mai yawa, kuma ilimin nan a cikin kalmomin Hausa na gida da kasuwa yake ajiye. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da waɗannan kalmomi, a sa ɗalibi ya yi awo da hannunsa har ya gano iyakarsu, sannan a kai shi ga mita da lita da kilogiram. Za a bayyana kalmomin da asalinsu, a nuna wuraren da suke rikitar da ɗalibi, a kawo ayyukan da malami zai iya gudanarwa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, daga ƙarshe a faɗi abin da ya rataya a wuyan masana harshe. An ɗauki garin Lafiya a matsayin misali saboda dalilan da za su biyo baya.

2.0 Lafiya da Yanayin Harsunanta

Lafiya ita ce hedkwatar Jihar Nasarawa tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Filato. Barebari ne suka kafa masarautar ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. A cikin garin da kewayensa akwai Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, ban da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasa. Ƙasa ce ta noman doya da shinkafa da riɗi da agushi da rogo, kuma waɗannan kayayyaki su ne ke cika kasuwannin yankin, kamar Kasuwar Alamis a cikin gari da ta Agyaragu da ta Asakiyo.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, Hausa ce harshen ciniki tsakanin waɗannan al'ummu. Yaron da ke magana da Eggon ko Alago a gida, da Hausa yake tayin doya, da ita yake neman gyara. Ke nan a aji ɗaya za a iske harsunan uwa biyar ko shida, amma kalmomin mudu da ƙwarya da buhu kowa ya san su.

A ɓangaren hukuma kuwa, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu a shekarun farko na firamare. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye tsarin. Ko ma wanne aka bi, Ingilishi ne harshen littafi da jarrabawa a ƙaramar sakandare. Saboda haka abin da ake magana a kai a nan shi ne amfani da Hausa a matsayin tsani na kaiwa ga fahimta, abin da malamai da yawa suke yi da ma in bayani ya cije, sai dai ba bisa wani tsari ba.

3.0 Kalmomin Awo a Hausa

Tushen maganar shi ne aikatau auna. Daga gare shi aka sami awo, da ma'auni (abin da ake awo da shi, jam'i ma'aunai), da ma'auni (mai yin awon, jam'i ma'auna), waɗanda karin sauti ne ke bambanta su, da kuma ma'auna, wurin sayar da hatsi. Ma'anar awo ta faɗaɗa har ta ƙunshi sayen hatsi kansa, kamar a "ya tafi awo" ko "kuɗin awo", da zuwan mai ciki asibiti. Wannan yana nuna cewa a tunanin Bahaushe awo ya fi danganta da hatsi da kasuwa. Kusa da auna akwai gwada, da ƙiyasta ko kimanta, waɗanda suka shafi awo da ido.

Sunayen abubuwan da ake aunawa kuwa, irin su faɗi da zurfi da kauri da nauyi, suna cikin rukunin da Parsons (1955) ya yi nazari, na sunayen da ke bayyana siffar da ake ji ko ake gani. Rukuni ne mai tsari, domin daga kowane suna ana samun sifa da aikatau: faɗi, faffaɗa, faɗaɗa, zurfi, zuzzurfa, zurfafa, kauri, kakkaura, kaurara. Ma'aunan kansu ana iya kasa su gida uku bisa asali.

3.1 Ma'aunan Gargajiya

Na tsawo daga jikin mutum aka ɗauko su:

(1) a. taƙi da ɗani: buɗewar yatsun hannu ɗaya, daga babban yatsa
b. kamu: daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu
c. gaba: daga ƙarshen hannu zuwa ƙarshen ɗayan in an miƙe su
d. taki ko taku: tazarar ƙafa da ƙafa a tafiya

Kowanne da sana'ar da ta riƙe shi. Masaƙa da madinka da kamu suke auna sawaye da ƙyalle, masu haƙar rijiya da gaba suke faɗin zurfi. Taki kuwa har cikin mulki ya shiga, domin a farkon zamanin Turawa a lardin Kano an riƙa aika malaman taki su auna gonaki da ƙafa don a yanka haraji, wanda aka sani da kuɗin taki.

Na hatsi da ruwa da mai daga mazubi aka ɗauko su, kamar ƙwarya da kwano da tiya da taiki da tulu, daga baya aka sami gwangwani da kwalba da garwa da jarka. Akwai kuma waɗanda ƙidaya ce aka yi wa suna. Ƙwaryar goro ƙwaya 100 ce, haka nan ƙwaryar doya a kasuwannin doya saiwa 100 ce, ko da yake babu ƙwaryar da za ta ɗauke su. Keso a zamanin wuri 20,000 ne. Dami da kashi su kuma ido da al'ada ne ke yanke girmansu.

3.2 Aro Daga Larabci

Addini da fatauci sun kawo mudu da sa'i da zira'i da miskali da mizani, da sa'a da daƙiƙa. Muhimmancin wannan rukuni shi ne, a nan ne aka fara samun ma'auni wanda shari'a ta tsayar. Sa'i mudu huɗu ne na mudun Annabi (SAW), kuma da shi ake fitar da zakkar fidda-kai. Suratul Muɗaffifina ta yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye awo. Don haka tunanin cewa dole ma'auni ya zama ɗaya ga mai saye da mai sayarwa tsoho ne a cikin al'ummar, kuma ɗalibin da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya riga ya ji shi.

3.3 Aro Daga Ingilishi

Wannan aro hawa biyu ne. Na farko ya zo da mulkin mallaka: inci, yadi, mil, galan, eka, oza, laba, tan, tare da ƙafa wadda fassara ce kai tsaye. Na biyu ya zo ne bayan Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, lokacin da aka kafa dokar awo da ma'aunai ta 1974, shekara guda bayan naira da kobo sun maye gurbin fam da sule: mita, santimita, kilomita, lita, giram, kilo, hekta. Duk sun bi ƙa'idar gaɓar Hausa, ana saƙa wasali don raba baƙaƙe ko rufe kalma, kamar a inci da yadi da giram da sikeli.

Hawa na biyu bai kori na farko ba. Har yanzu tela da yadi da inci yake aiki, turmin atamfa yadi 6 ne, magini yana neman bulo mai inci 9 ko inci 6, dillalin fili yana cewa ƙafa 50 a ƙafa 100. A gidan mai ne ake jin lita, a kan buhun siminti ake ganin kilo 50. Ke nan ɗalibin Lafiya yana rayuwa cikin tsarin awo uku a lokaci guda, littafinsa kuwa ɗaya kawai ya sani.

4.0 Wuraren da Harshe ke Rikitar da Ɗalibi

Yawan kalmomi bai hana a sami giɓi ba, kuma giɓin yana faɗowa ne daidai inda lissafi ke bukatar rarrabewa. Dubi waɗannan jimloli:

(2) a. Faɗin ɗakin mita 4 ne.
b. Faɗin gonar hekta 2 ne.
(3) a. Wannan tukunya ta fi waccan girma.
b. Wannan fili ya fi wancan girma.

A (2a) faɗi tazara ce daga bango zuwa bango, layi ɗaya. A (2b) kalmar tana nufin dukkan shimfiɗar ƙasar, watau tsawo sau faɗi. Ɗalibin da bai raba waɗannan biyu ba zai rubuta amsar fili da mita maimakon murabba'in mita, kuma ba zai ga laifin hakan ba. Haka girma a (3) take ɗaukar abin da tukunya za ta ci, da shimfiɗar fili, har da tsayin mutum da shekarunsa. Nauyi ma kalma ɗaya ce ga abubuwa biyu da darasin kimiyya ya raba, yawan abin da jiki ya ƙunsa da kuma ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi.

Matsala ta biyu ta kalmomin aro ce. Daƙiƙa a Larabci kashi ɗaya ce cikin 60 na sa'a, amma yawancin masu magana da Hausa a Nijeriya suna nufin sakan da ita, don haka ɗalibin da ya yi karatun Larabci da wanda bai yi ba za su fahimci "daƙiƙa 30" daban. Kilo a bakin mahauci kilogiram ce, alhali asalinta ɗafi ne mai ma'anar dubu, wanda ke cikin kilomita ma. Mita tana nufin ma'aunin tsawo, tana kuma nufin na'urar lantarki da ke bangon gida. Direbobi da fasinjoji kan ce mil suna nufin kilomita, alhali mil 1 kilomita 1.609 ne.

Ta uku ta shafi karanta lamba mai ɗigo. In an karanta 1.25 da "ɗaya ɗigo ashirin da biyar", aka karanta 1.5 da "ɗaya ɗigo biyar", kunnen yaro zai gaya masa cewa ta farko ta fi yawa, tun da ashirin da biyar ta fi biyar. Ginin jimlar Hausa yana da maganin wannan. Ma'auni ne ke gabatar lamba, sannan a haɗa babba da ƙarami da "da":

(4) a. mita ɗaya da santimita ashirin da biyar
b. mita ɗaya da santimita hamsin
c. mita ɗaya da kwata. Mita ɗaya da rabi

Duk wanda ya ji (4) ya san wanda ya fi tsawo. Ya kamata malami ya sa a faɗi awo ta wannan hanya tukuna, kafin a mayar da shi lamba mai ɗigo.

5.0 Ayyukan Koyarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ayyukan da ke tafe kowanne matakai huɗu gare shi: a ƙiyasta da ido, a auna da ma'aunin gargajiya, a auna da na zamani, a faɗi sakamako da cikakkiyar jimla a Hausa sannan a Ingilishi. Lambobin da aka kawo misalai ne na lissafi, kowane aji zai sami nasa.

5.1 Taki da Gaba

A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowa ya auna tsawon aji da takinsa, a rubuta a allo. A ɗauka tsawon ajin mita 9 ne. Mai takin santimita 60 zai sami taki 15, mai takin santimita 75 zai sami 12. Malami ya tambaya: ajin ne ya canza ko mene ne? Daga nan ɗalibai da kansu za su fito da ƙa'idoji biyu, cewa in ma'auni ya ƙanƙanta lamba takan yawaita, kuma lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi ma'aunin da ta biyo. Sai a kawo batun rijiya: wanda gabansa mita 1.7 ne ya yi jingar haƙa gaba 10, mai gida kuma gabansa mita 1.5, tsakaninsu akwai saɓanin mita 2. Wa zai raba gardamar?

A nan ne ya dace a gabatar da mita, tare da ɗan tarihinta. Faransawa ne suka tsayar da ita a shekarun 1790 don kawar da irin wannan saɓani tsakanin garuruwansu, suka ce ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba duniya biyu. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a Faris, kuma tun 1983 da gudun haske ake bayyana ta. Kowane rukuni ya yanka karan dawa ko igiya daidai mita 1, ya yi mata alama goma-goma. Daga ƙarshe kowane ɗalibi ya auna taƙinsa da kamunsa da gabansa da santimita ya rubuta a bangon littafinsa. Ta haka jikinsa ya zama ma'aunin da zai riƙa ƙiyasi da shi ko'ina. Za su kuma lura cewa gaban mutum yana kusa da tsayinsa.

5.2 Mudu, Lita da Kilo

Wannan shi ne aikin da ya fi kusa da rayuwar ɗalibin Lafiya. A sa ɗalibai uku ko huɗu su aro mudu daga gida. A cika ɗaya da yashi busasshe a shafe bakinsa, a juye a na biyu, a ga ko ya cika ko ya zuba. A sake cikawa da tozo yadda 'yan awo ke yi, a auna bambancin shafaffe da mai tozo da gwangwanin madara. A nan kalmomin tozo da shafe da gyara da tauye duk za su fito daga bakin ɗalibai, malami ya rubuta su. Sai a yi lissafi: in an bubbuge gindin mudu har ya rage kashi ɗaya cikin 10, mai sayen mudu 40 ya yi asarar nawa? Amsa mudu 4.

Don gabatar da lita, a yanka kwali a haɗa akwati mai santimita 10 ta kowace fuska, a shimfiɗa leda a ciki. Ledar ruwan sha ta santilita 50 guda biyu za su cika shi. Ɗalibi ya ga da idonsa cewa 10 sau 10 sau 10, watau 1,000, shi ne lita 1. Da wannan akwati za a auna kowane mudu da aka kawo, a rubuta masa cinsa a jiki. Haka za a yi wa kwalbar manja da jarka. Garwa ta asali galan 4 take ci, galan kuma lita 4.546, ke nan garwa ta ɗan haura lita 18.

Saura nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, saboda haka ledar ruwa ɗaya kimanin giram 500 ce, ta isa ta zama dutsen awo. A rataye gwangwani biyu masu girma ɗaya a bakin sanda, a ɗaure igiya a tsakiyarta, an sami mizani. A auna gwangwani ɗaya na shinkafa, da na garin rogo, da na agushi marar ɓara. Mazubi ɗaya ne, cika ɗaya, amma nauyi ya bambanta. Wannan shi ne darasin da jadawali ba ya iya koyarwa: mudu cika yake aunawa, sikeli kuma nauyi, don haka tambayar "mudu kilo nawa ne?" ba ta da amsa sai an ce mudun mene ne. Manomin riɗi da ke saye da mudu a ƙauye ya sayar wa kamfani da kilo, ribarsa da faɗuwarsa a kan wannan bambanci suke.

5.3 Kewaye da Fili

A ba kowane rukuni igiya mai mita 24 da turaku huɗu, a ce su kewaye fili mai kusurwa huɗu a farfajiyar makaranta, su zana murabba'ai na mita ɗaya-ɗaya a ciki su ƙirga. Masu 10 a 2 za su sami 20, masu 8 a 4 su sami 32, masu 6 a 6 su sami 36. Igiya ɗaya ce, fili ya bambanta. Bayan wannan aiki da wuya ɗalibi ya sake haɗa kewaye da fili, ko ya ɗauki faɗi na (2a) a matsayin na (2b). Don daidaita kusurwa, a nuna musu dabarar magina ta igiya mai alama a 3 da 4 da 5, wadda za su sake haɗuwa da ita a darasin Fisagoras.

Sannan a ɗauko fulotin da suka saba ji. Ƙafa 1 santimita 30.48 ce, don haka ƙafa 50 a 100 ita ce mita 15.24 a 30.48, kimanin murabba'in mita 465. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, ke nan tana ɗauke da irin wannan fuloti 21 da ɗoriya. Eka kuwa kimanin murabba'in mita 4,047 ce, hekta ta ninka ta kusan biyu da rabi. Manomin da ya ɗauki eka a matsayin hekta wajen zuba taki ko maganin feshi zai zuba fiye da ninki biyu na abin da aka umarta.

5.4 Inuwa da Da'ira

Akwai abin da hannu ba ya kaiwa, kamar tsayin bishiyar mangwaro. A kafa sandar mita 1 a rana a auna inuwarta, a auna inuwar bishiyar a lokaci guda. In inuwar sanda santimita 80 ce, ta bishiya mita 9.6, to tsayin bishiyar mita 12 ne. Awo da inuwa ba baƙo ba ne, domin da ita littattafan fiƙihu suka bayyana shigar lokacin azahar da la'asar. Game da da'ira kuma, a zagaya zare a bakin mudu da faranti da duro, a raba tsawon zaren da faɗin bakin. Kowane rukuni zai sami uku da ɗan kai. In malami ya rubuta 22/7 ko 3.14 bayan haka, lamba ce da suka riga suka gano.

6.0 Aikin da ke Gaban Masana Harshe

Ayyukan nan suna bukatar kalmomi tsayayyu, in ba haka ba kowane malami zai ƙirƙiri nasa. An yi ƙoƙari a baya. Shirin firamare na shekara shida da aka fara a Ife a 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa ya koyar da lissafi da kimiyya da Yarbanci, kuma sai da aka tanadi kalmomi kafin a shiga aji. A Hausa, ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun adana yawancin ma'aunan gargajiya. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace (1990) ya nuna yadda ake tsayar da kalmomin fanni, sai dai harshe da adabi ya shafa. Fannin awo yana bukatar irin wannan aiki, kuma ana ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, a keɓe faɗi ga tazara daga gefe zuwa gefe kawai, a yi amfani da "yawan fili" ga tsawo sau faɗi. A ɗauki "ci" ga abin da mazubi ke ɗauka, tun da Bahaushe da ma yana cewa "jarkar tana cin lita 25". A bar minti da sakan a aji, a kauce wa daƙiƙa. A riƙa rubuta kilogiram cikakkiya har sai ɗalibi ya gane ma'anar ɗafin kilo da santi da mili.

Na biyu, a tattara kalmomin awo na sauran harsunan yankin. Hausa tsani ce a Lafiya, amma yaro yana da wani tsanin a gida. Malami na iya ba da aikin gida, kowa ya tambayo kakanninsa yadda ake auna gona da hatsi da gishiri a harshensu, musamman 'yan Keana da Awe inda dafa gishiri tsohuwar sana'a ce. Akwai abin mamaki a wannan fage. Matsushita ya bayyana cewa karin Gwandara na Nimbiya, duk da kusancin harshen da Hausa, a kan 12 yake gina ƙidayarsa maimakon 10. Ɗalibin da ya ji haka zai fahimci cewa inci 12 a ƙafa da dozin ba ruɗu ba ne, wani tsarin ƙidaya ne, kuma fifikon mita shi ne ta dace da ƙidayar goma da muke rubutu da ita. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka buɗe a 2011, tana wurin da ya dace da irin wannan bincike.

Na uku, a kula da iyakar hanyar. Aji mai cunkoso yana wahalar da aikin rukuni, kuma jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da Ingilishi ake rubuta ta. Saboda haka mataki na huɗu, na mayar da jimlar Hausa zuwa Ingilishi da alamomin da duniya ta sani, wajibi ne a kowane darasi. In aka tsaya a mudu ba a kai lita ba, an bar ɗalibi inda aka same shi.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Hausa tana da kalmomin awo hawa uku, na gargajiya da na Larabci da na Ingilishi, kuma duka suna raye a kasuwannin Lafiya. An nuna kuma cewa wasu kurakuran da ake ɗora wa raunin ɗalibi a lissafi daga harshe suke tasowa, musamman a faɗi da girma da nauyi da daƙiƙa da karatun ɗigo. Ayyukan da aka kawo ba sa bukatar abin da ya wuce kara da igiya da kwali da mudun aro. Abin da suke bukata ƙwarai shi ne malamin lissafi da malamin Hausa su zauna tare su daidaita kalmomin da za a yi aiki da su, masana kuma su samar musu da jerin da za su dogara a kai. Ana fata wasu manazarta za su gwada waɗannan ayyuka a makarantu, su kuma faɗaɗa nazarin zuwa awon lokaci da na zafi, waɗanda ba a taɓo su sosai a nan ba.